Motar Kawu a Kan Ganga

Ni ne na rantse, kada wani ya ɗora wa ƙanena laifi. Zuciya gare ni tun ina yaro, irin mai tashi kamar wutar kara, kuma bakina ya fi hankalina sauri. Shekarar da Baba ya rasu, ƙanen nawa ya kwance injin ban-ruwanmu na bakin kogi, wai zai ƙara masa ƙarfi. Ya ko ƙara. Kwana biyu injin yana kururuwa yana aman ruwa, a na uku ya ƙone ƙurmus, albasarmu ta bushe a tsaye muna kallo. A gaban Inna da maƙwabta na ɗaga yatsa sama na ce wallahi tallahi bakina da nasa har abada.

Bayan wata biyu ƙanen nawa ya shiga motar birnin Sinnar da jaka ɗaya. Daga baya munka ji ya ƙetare teku, ya samu aiki a wata warsha da ake gyaran motoci da kwamfuta. Ni kuma na ci gaba da tawa warshar a garinmu Mai Wurno, nan ƙasar Sudan, rumfar kwano ce da dogonyaro guda a bakin hanya.

Inna ba ta bar ni na sarara ba. "Rantsuwa ba kabari ba ce," haka take cewa. "Ka ciyar da mutum goma, ka ɗauki waya ka gaida ɗan'uwanka, halas, magana ta ƙare. Mi ke da wuya a nan?" Ni kuma in ce gobe. Goben nan sai da ta shekara tara. In faɗi gaskiya, tun a shekara ta biyu fushin ya huce, girman kai ne ya rage. Ina so ya yafe mini ƙwarai da gaske, amma ni ne babba, ina jira shi ya fara.

Ana nan sai motoci sunka canza mana. 'Yan kasuwa sunka fara shigo da irin masu turbo, masu ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin sitiyari, waɗanda sifana da kunne ba su isa su gaya maka ciwonsu ba. Ina ji ina gani aiki yana wuce ƙofata zuwa Sinnar. Inna ce ta kai wa ƙanena ƙorafin, na sani, don wata rana wani mai dawowa daga umara ya ajiye mini kwali. A ciki akwai tsohuwar kwamfuta, da wata igiya mai faɗin baki, da 'yar na'ura kamar kwalin ashana, da takarda mai zanen rami da awonsa. Na juya takardar gaba da baya. Ko sallama bai rubuta ba, ɗan banza.

Na zage shi a raina, sannan na bi zanen. Na samo ganguna biyu na ƙarfe daga wani tsohon injin gurzar auduga da anka yasar, kowace sai ƙarti shida ke mirgina ta. Na haƙa rami, na zuba siminti, na kwantar da su yadda tayoyin bayan mota za su zauna a tsakaninsu. 'Yar na'urar nan ita ke ƙirga saurin da mota ke juya gangunan, kwamfuta kuma ta zana layi mai hawa kamar tudu, ƙarfin injin ke nan. A can daino suke ce masa. Mu nan ganga kawai muke cewa.

Wanda bai taɓa ganin mota a kan ganga ba, ba zai gane abin da ke sa tsofaffin mata su yi a'uziyya in za su wuce ba. An ɗaure ta da sarƙa a gindin dogonyaro, ga babbar fanka a gabanta tana hura mata iska, allura na cewa ɗari da ashirin, turbo na fito, ƙasa na rawa a ƙarƙashinka, amma ka leƙa ta taga ka ga akuyar da ke kwance tana nan inda take. Wannan ma ƙarami ne. Babban shi ne in na soka igiya a ƙwaƙwalwar motar, na rataye wayata a reshe inda take kama shabaka, wato intanet, sai 'yar kibiyar kwamfuta ta motsa da kanta, hannuwana biyu suna kan gwiwata, ƙanena ne ke juya ta daga can. Ta buɗe shafi, ta shiga jerin lambobi, ta canza yawan man da ake fesawa, ta canza yawan iskar da turbo zai tura, muryar injin ta sauya a kunnena. Ranar farko tsikar jikina ba ta kwanta ba sai da yamma.

Fatawa ni na ba kaina, ban tambayi malami ba. Na ce a kan baki na rantse, ban rantse a kan hannu ba.

To yaya mutum biyu za su yi aiki ba magana, ba rubutu? Shi ya samo dabarar. Muna yara, in Baba yana wajen injin mu kuma muna can ƙarshen gona, da dutse yake buga bututun ruwa. Bugu ɗaya, ku buɗe. Bugu biyu, ku toshe. Bugu uku, halas, ku taho gida. Ƙanena yana iya ɗaga ƙarar injin daga can, don haka in motar na tsaye ta yi gurnani sau ɗaya, in taka totur har ƙasa. Sau biyu, in saki. Nan take na gane, ba wanda ya yi mini bayani. Na ukun ne bai taɓa bugawa ba. In aiki ya ƙare sai kawai ya katse, kibiya ta mutu. Shekara huɗu muna haka, kuma ba motar da ta sauka daga gangar nan ban tsaya ina sauraron na uku ba.

Na san hannunsa yadda ake sanin takun mutum a zaure. Sauri gare shi, ba ya laluben shafi. In na yi jinkirin taka totur sai kibiyar ta kama kewaya allon kamar shaho, wato zagina yake. Ni ma in rama da ƙarfi, in ce da kwamfuta nake. Yana kuma da wata ɗabi'a. Zai yi ta tura lamba har layin ya kai ƙololuwa, mai mota na tsaye yana washe baki, sai ya koma baya taki ɗaya ya bar shi nan. Masu motoci na jin haushi. Ni na san dalili, injin Baba ne bai manta ba. Na sani, amma na yi kamar ban sani ba.

Da damina ta faɗi, Kawu, yayan Inna, ya kawo boksinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya da yake jigilar dawa da mutane da ita. Ƙauyensu yana can bayan garin Hajji Abdalla, cikin gonaki, nesa da kwalta. Ya ce in ta shiga taɓo sai ta shaƙe, ta yi ta baƙin hayaƙi kamar gidan mai ƙosai. Ya bar ta ya koma a motar haya. A kwana biyun nan anka tafka ruwan da ya rufe hanyarsu, don ƙasar can in ta sha ruwa ko jaki sai ya yi shawara.

Ranar Litinin munka ɗora ta. Gudu biyu munka yi lafiya. Rana ta take tsaka, ina zaune a sitiyari ina jiran alamar gudu na uku, kibiyar ta shiga wani gida cikin jerin lambobin, ta goge abin da ke ciki, ta rubuta rabin lamba, ta tsaya. Ba a katse ba. Fanka na hurawa, injin na numfashi, rabin lambar na kallona. Na jira har anka kira azahar, na dawo na tarar da ita yadda na bar ta. Na ce, "Ka ji halin nasa, shi ne dai!" Na kashe mota na tafi gida da haushi.

Talata shiru. Laraba da hantsi, ina shan kofi, kibiyar ta motsa.

Tun motsin farko na ajiye kofin. Ta tafi wani shafi, ta dawo, ta sake komawa. Ta tsaya a kan kowace lamba kamar mai karatu daga allo. Gurnani ɗaya ya zo, na yi gangancin jinkiri don ta kewaya ta zage ni. Ba ta kewaya ba, jira ta yi kurum. Shekara huɗu ina ɗaukarsa kibiya, sai ranar na tuna mutum ne mai jiki, mai gajiya, mai zazzaɓi, wanda furfura ma ta yiwu ta fito masa ban gani ba. Tausayinsa ya kama ni.

Ranar kuma garin ya zama wani iri. Mai sayar da kofi, wadda kullum sai ta tsokane ni cewa man inji ya zama turarena, ta ajiye kofi ta juya ba ta dube ni ba. Maƙwabcinmu da bai taɓa taka warshata ba ya zo ya zauna a inuwa yana jan carbi, ba mota ya kawo ba, ba magana ya zo da ita ba. Da yamma na tarar an nome filin ƙofar gidanmu tas, amalanke na sauke sanduna da gangunan ruwa a gidan da ke kallonmu. Na ce, "Biki ake?" Wani ya ce suna ne. Na ce wa ya haihu? Kowa ya kama gyaran igiya.

A wurinmu, in mutum ya rasu a nesa, ba a gaya wa uwarsa ko ɗan'uwansa ta waya. Labarin zai shigo ta bakin maƙwabta, gari duk ya sani, a shirya rumfar makoki a ɓoye, a jira babban dangi ya tako da ƙafarsa ya zauna ya faɗa. Ni kaina na sha ɗaukar sandunan nan in kai gidan da ke kallon gidan wani, na sha cewa suna ne. Duk na san wannan. Amma ni da na wuni ina kallon hannun ƙanena yana aiki, ta ina zai zo mini a rai?

Kafin magariba Kawu ya kira. "Motar ta sauka?"

Na ce, "Ba ta sauka ba, Kawu, sai gobe in Allah ya so."

Ya ce, "To, ina tafe hakanan."

Na yi dariya. "Cikin taɓon ga? Ba gudu za ta yi ba, da sarƙa na ɗaure ta."

"Ina tafe dai, ɗana," in ji shi, ya kashe.

A gida Inna na zaune kan tabarma. Matata ta karɓe wayarta tun safe, wai ta lalace. Inna ta ce, "Kwana uku ban ji muryar ƙanenka ba. Bai taɓa yin haka ba."

Na ce, "Lafiyarsa lau, Inna. Yanzu na baro shi, tun hantsi muke aiki."

"Ka gan shi?"

"Na ga hannunsa."

Ta yi hamdala ta gyara zama. Matata da ke shigowa da buta ta juya ta fita, na ji butar ta faɗi a tsakar gida. Na bi ta na ce gobe da safe ta dafa tuwo da miyar nama na mutum goma, zan warware rantsuwata. Na ɗauka guɗa za ta yi, don ita ma ta sha yi mini nacin. Sai ta toshe bakinta da mayafi ta yi ta kallona. Ta dai dafa. Da safe idonta ja wur, ta ce hayaƙi ne, icen jiƙaƙƙe ne.

Na kai abincin bakin magudanar ruwa, inda 'yan ƙwadagon damina ke hutawa. Na ƙirga su sau biyu don kada a samu tara. Na tsaya sai da sunka suɗe kwano sunka yi mini addu'a, sannan na nufi warsha, jikina sakayau.

Aikin ranar ya tafi a hankali amma ya tafi daidai. Gurnani ɗaya, in taka, turbo ya yi fito, sarƙa ta miƙe. Gurnani biyu, in saki. Hayaƙin ya washe, layin ya hau ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Sai kibiyar ta tsaya, ta yi jim, ta koma baya taki ɗaya. Na ce a raina shi ne, ko da ciwo yake shi ne, wa ke wannan in ba shi ba?

Na fito daga motar na bar ta tana numfashi a tsaye, na kashe fanka. Na ciro wayata daga reshe na kira lambarsa, wadda na haddace shekara da shekaru ban taɓa dannawa ba. Ta yi ta ringi har ta katse. Na mayar da ita reshe, na ɗora kwamfutar a kan benci, na buɗe farin shafi. Da yatsa ɗaya na rubuta, don ban iya da biyu ba.

"Ƙanena, na yi kaffara. Albasa ce kawai. Ka yafe mini."

Kibiyar ta taho a hankali ta tsaya ƙarƙashin rubutun. Rana tana tsaka, irin lokacin da Inna ke hana mu gifta gindin tsamiya muna yara. Ba jaki, ba kurciya, ba mai wucewa a hanya. Maƙwabcin mai carbi ma ya tashi ban ga fitarsa ba. Ƙofar motar a buɗe, kujerar direba ba kowa. Ban san iya tsayuwar da na yi ba, amma gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu.

Injin ya yi gurnani. Ƙafata ta motsa da kanta kamar za ta nemi totur. Ya sake yi. Ya yi na uku, dogo, sannan ya kwanta.

Wallahi ƙasa na zauna, cikin baƙin mai da ƙura, ƙaton mutum da ni, ina dariya ina share ido da hular kaina. Na ce, "Ɗan banza, sai yau?" Na tashi na kama kwance sarƙa da rawar jiki, so nake in tuƙa motar nan har ƙofar Inna in gaya mata. Ina cikin haka na ji sallama.

Kawu ne. Taɓo ya kai masa gwiwa, takalmansa a hannu. Bayansa liman, bayan liman maƙwabcin nan mai carbi. Kawu ko kallon motarsa bai yi ba.

Ya ce, "Zamna, ɗana."

Ban zauna ba. Ya faɗa ina tsaye. Ciwon ƙirji ne, ya faɗi a wurin aiki ranar Litinin da rana, ya cika ranar Talata bayan la'asar, an rufe shi a can.

Na ce, "Ƙarya ne, Kawu!" Ban taɓa ƙaryata shi ba sai ranar. "Yanzun nan munka gama, ga kwamfuta nan, ku duba!" Munka juya mu huɗu. An katse, kibiyar ta mutu, rubutuna ne kawai a farin shafi. Liman ya karanta, ya kau da kai. Daga nan munka tafi wurin Inna, ni da na shaida mata jiya cewa na ga hannunsa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har yau, kuma wannan ya fi mini ciwo da a ce ta tayar.

Bayan an ɗauke rumfa, wani mutum ya kira ni daga can. Da Larabci ya yi magana, ya ce shi mutumin garin Kosti ne na nan ƙasarmu, benci ɗaya suke aiki da marigayi. Ya ce ranar Talata da safe ƙanena ya farfaɗo a asibiti, ya sa shi ya ɗauko takarda. Ya faɗa masa lambobin da sunka rage, ya ce gurnani ɗaya na takawa ne, biyu na saki, in an kai ƙarshe a koma baya taki ɗaya. Ya ce motar kawunsa ce, kada a bar ta a rabi. Mutumin nan ke nan ya juya kibiyar ranar Laraba da Alhamis. Da ƙanena ya cika, manyan mutanenmu na can sunka gargaɗe shi kada ya furta mini komai sai babba ya iso.

"Ka yafe ni, ya usta," in ji shi, don haka suke kiran babban makanike. "Ban iya aikin kamarsa ba, lalube nake yi."

Na ce, "Bai bar mini saƙo ba?"

Ya yi tunani. "Ya ce dai, yayana yana jinkirin taka totur, ka yi haƙuri da shi. Shi ke nan abin da ya ce."

"To rubutun da na yi fa?"

"Na gani. Ba na jin yarenku, amma na gane ba da ni kake ba. Na kasa zama, na ture kujera na fita waje. Sai da na dawo na katse."

Na ce, "Na ukun fa? Kafin ka fita ka buga?"

"Wane na uku?"

"Gurnani uku. Bayan rubutun."

"Ya usta, ɗaya da biyu ya koya mini. Ga takardar nan a hannuna, babu uku a ciki."

Ni makanike ne, ba mai tatsuniya ba. A jikin famfon man irin motar nan akwai wani ɗan bawul da bai wuce babban yatsa ba. In ya yi datti, injin na tsaye sai ya riƙa ɗaga murya yana sauke ta da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Na gani a motoci sun fi a ƙirga, kuma man da muke sha a nan ba mai tsabta ba ne. Noti biyu ne ke riƙe da shi. Kafin kofi ya huce zan kwance shi, in ɗaga shi a rana, in ga ko da datti ko babu, in san abin da ya amsa mini ranar Alhamis ɗin nan.

Sau biyu a shekara Kawu ke kawo boksin. In juye mata mai, in canza mata filta, in duba birki, in ɗaure duk abin da ya yi sako-sako. Wancan watan ya ce da safe yana jin kamar tana ɗan rawar murya, ko zan duba masa bawul ɗin nan. Na ce masa sifanar da ke kwance shi ta ɓace, sai na samo wata. Ya dube ni, ya ce to, ba gaggawa.

Tana cikin aljihuna lokacin da nake faɗa masa.